Katin Umaima

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Laraba aka leƙo aji aka ce Dakta Sa'adiya na kiran Nusaiba Abdulmalik. Nusaiba ta ɗauka maganar babi na uku ce. Tana shekarar ƙarshe a sashen kiwon lafiyar al'umma, kuma Dakta Sa'adiya ce ke duba binciken da za ta kammala digiri da shi: a wani yanki na Rigasa, yara nawa aka yi wa allurar rigakafi cikakkiya, nawa aka fara aka bari, nawa ba a taɓa yi wa ba. Mako uku ta yi tana shiga gidaje da fom da biro. Ta cika fom ɗari da ashirin.

Da ta isa ofishin sai ta tarar da malamar sanye da takunkumi, tagogi a buɗe duka, an janye kujerar baƙi zuwa bakin ƙofa.

"Tsaya daga nan," in ji Dakta Sa'adiya. "Ga takunkumi nan a kan kujera, ɗauki ki sa. Fom mai lamba tamanin da bakwai, Talatar makon jiya. Kin tuna gidan?"

Ta tuna. Gida ne mai ƙofar langa-langa, ba nisa da layin dogo. Akwai tsohuwa, akwai surukarta, akwai yarinya 'yar shekara huɗu mai suna Yalwa da ke kwance a tabarma wuyanta a kumbure. Mutanen gidan sun ce hangum ne. Ba a taɓa yi wa yarinyar allura ba, haka Nusaiba ta rubuta, ta kuma ba su shawara su kai ta asibiti.

"Yarinyar ta rasu ranar Lahadi," in ji malamar. "Jiya sakamakon gwaji ya fito. Mashaƙo ne. Masu bin sawun cutar sun je gidan, aka ce musu wata ɗaliba ta zo da takarda. Faɗa min gaskiya, kin sauke takunkuminki a gidan?"

Nusaiba ta san amsar. Ta sauke. Tsohuwar ce ta ce, "'Yar nan, ni ban iya hira da tsumma ba, buɗe fuskarki in san da wa nake magana." Ta buɗe. Daga baya tukunya ta tafaso, uwar ta tashi, yarinyar ta fara kuka tana tari, sai Nusaiba ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, kamar yadda kowace baƙuwa za ta yi.

"Na sauke, Malama. Na kuma riƙe ta."

"Minti nawa?"

"Kamar ashirin."

Dakta Sa'adiya ta rubuta. "Ke an yi muku allura kafin ku fita aikin unguwa, da wuya ta kayar da ke. Amma kina iya ɗauke da ita a maƙogwaro ba ki sani ba. Da wa kike kwana a ɗaki?"

"Da ƙanwata Umaima. Shekararta biyar."

"Rigakafinta fa?"

"Cikakke ne."

"Kin ga katin?"

Wannan ita ce ƙa'idar farko da aka koya musu kafin a sake su cikin unguwa. Fom ɗin layi biyu gare shi: ɗaya na abin da uwa ta faɗa, ɗaya na abin da kati ya nuna. Duk yadda uwa ta rantse, sai ki nemi katin, ki zauna ki jira. Nusaiba ta nema a wurin mata ɗari da ashirin. Akwai wadda ta jira minti arba'in tana zazzage ƙullin kaya. Amma kafin ta fara zuwa Rigasa, a gida ta gwada fom ɗin don ta ga ko tambayoyin na tafiya daidai. Umma na tsinkar alayyahu ta ce, "Auta ai an yi mata duka, babu wanda ya wuce ta." Nusaiba ta sa alama a layin kati. Amma faɗa wa uwar da ta haife ta ta tashi ta kawo shaida, wannan bakinta bai iya ba, ko a ranta bai zo ba.

"Ban gani ba, Malama."

Malamar ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan tsorata Nusaiba. Ta yagi takarda ta rubuta sunan asibitin da ke karɓar masu cutar, ta sa hannu, ta ajiye a gefen tebur ta ja da baya.

"Je ki gida yanzu. Duba wuyanta, duba katin. Duk abin da kika gani a wuyan, kada ki taɓa shi, kada ki bari kowa ya taɓa. Ki kira ni."

A cikin keke ta biya kuɗin kujerar baya duka don kada wani ya zauna kusa da ita. Direban ya kalle ta ta madubi ya ce, "Hajiya, yau an samu ke nan." Ita kuwa tana lissafi. Kwana takwas ke nan. Kwana takwas a katifa ɗaya, Umaima na cusa kai a wuyanta. Umaima ba ta shan shayinta sai na kofin Yaya. Ranar Asabar cokali ɗaya suka sha fate da shi. Ta tuna hotunan da aka haska musu a aji, da jimlar da ta haddace don jarrabawa: kowace rana da aka ƙara ba a ba da maganin dafin da cutar ke zubawa a jiki ba, ƙarin haɗari ce, kuma abin da dafin ya riga ya kama magani ba ya sake shi. A lokacin maki biyar ce jimlar.

Sai kuma ta tuna da safiyar nan. Ƙarfe bakwai ta fita, Umaima na kwance ba ta tashi ba. Ta ce mata raguwa, ta ja mata ɗan yatsan ƙafa ta wuce.

Abin da ta fara gani a gidansu na Kinkinau takalman makarantar Umaima ne a bakin ƙofa, da safa a cikinsu. Umma na tsakar gida tana shanya. Ba ta kiran sunan Nusaiba, 'yar fari ce, sai dai ta ce "ke".

"Ke, lafiya da hantsi haka? Kuma mene ne wannan a fuskarki, korona ce ta dawo?"

"Umma, ina Umaima?"

"Tana ɗaki. Zazzaɓi ne ya ɗan taɓa ta, ta ƙi shan koko, wai wuyanta. Na ba ta farasitamol. Belu ne. In bai sauka zuwa gobe ba sai a kira wanzami ya duba."

Nusaiba ta wanke hannu da sabulu a bakin famfo, ta ɗauki cokali mai tsabta ta shiga. Umaima na kwance idonta biyu, jikinta da zafi amma ba sosai ba. Wannan ma a cikin darasin yake: zazzaɓin ba ya yin tsanani.

"Yaya, kin zama ɗan fashi," in ji yarinyar. Muryarta ta ɗan dishe.

"Na zama. Buɗe baki in sace haƙoranki. Ce aaa."

Ta danne harshen da mariƙin cokali ta haska tocilan waya. Maƙogwaron ja ne. A gefen hagu, can ciki, akwai wani abu shimfiɗe kamar yanar da ke hawa kan kunu in ya huce, sai dai launinsa ya karkata ga toka. Faɗinsa bai kai farce ba.

Ba ta san me ta gani ba. Ita ba likita ba ce. Shekara huɗu an koya mata ƙirga marasa lafiya, da zana taswirar inda suke, da bin inda cuta ta fito. Ba a koya mata duba maƙogwaro ba. Ciwon wuya na yau da kullum ma yana yin fari-fari. In Umaima ta sami allurai ukun da ake yi wa jarirai a cinya, to wataƙila wannan ɗin ne. In ba ta samu ba, to.

Ta fito tsakar gida ta durƙusa nesa da Umma.

"Umma, don Allah katin rigakafin Umaima nake so in gani."

"Ba na gaya miki an yi mata ba? Har kika rubuta a takardarki."

"Kin gaya min. Gani nake so in yi."

Umma ta ajiye rigar da ke hannunta a bakin bokiti. "Au. Yau kuma ni ce 'yar Rigasa? Yara huɗu na raina a gidan nan, babu wanda ya shanye, babu wanda ya yi ƙyanda. Ke da kike tambayar, wa ya goya ki ya kai ki asibiti? Don an ba ki biro a jami'a?"

"Umma, na shiga wani gida makon jiya. Na riƙe wata yarinya. Ta rasu. Mashaƙo ne ya kashe ta."

Umma ta kalle ta. Ta riga ta ji labarin cutar a rediyo. Ta juya ta shiga ɗakinta ba ta goge hannu ba, Nusaiba ta tsaya a bakin ƙofa. Aka sauko da babban akwati daga saman sif. Aka fitar da atamfofi, da leshin da ba a ɗinka ba, da wata baƙar leda da aka ƙulle bakinta. A ciki akwai takardun haihuwa, da sakamakon jarrabawar samarin biyu da ke makarantar kwana, da katunan rigakafi huɗu. Umma ta zaro na ƙarshe ta miƙo da hannun da ke ɗigar ruwa.

"Ga shi nan. Karanta."

Nusaiba ta buɗe. An haifi Umaima ranar uku ga Fabrairu, 2020. Allurar ranar haihuwa, an yi. Ta mako shida, sha shida ga Maris, an yi, ga sa hannun nas. A ƙasa an rubuta ranar dawowa da jan biro: sha uku ga Afrilu. Daga nan har ƙarshen katin babu komai. Ta juya bayansa, ta sake juyowa. Allura ɗaya cikin uku.

"Sau ɗaya aka yi mata, Umma. Ba a koma ba."

"Yaya za a yi a koma? Lokacin kullen korona ne fa. Ko masallaci Abbanku bai zuwa, sojoji a bakin titi. Amma da aka buɗe ai su da kansu suka riƙa zuwa har gida. Ba su taɓa ƙwanƙwasa ƙofar nan ban fito da ita ba. Su ɗiga mata a baki, su shafa mata tawada a yatsa. Ya fi sau goma. Maƙwabta na ɓoye nasu, ni ina miƙa tawa."

"Wannan na shan-inna ne kaɗai. Ba ya hana mashaƙo."

"To me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

Tambayar nan tana cikin babi na biyu na binciken Nusaiba, da sunayen masana uku a ƙarƙashinta. Ta kira Dakta Sa'adiya ta faɗi abin da ta gani a wuya da abin da ta gani a kati. Malamar ta ce, "Ku tafi yanzu. Zan kira su su san kuna hanya."

Umma ta ɗauki wayarta ta kira Abba a ofis. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

"Yau Laraba, suna taro," in ji ta. "Sai azahar yake kunnawa. Ban taɓa fita da yarinya asibiti bai sani ba. Mu jira azahar ɗin, awa biyu ne."

Nusaiba ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta ɗaura wa Umaima takunkumi, ta naɗe igiyar sau biyu a kunne saboda ya yi mata yawa, ta saɓa ta a kafaɗa ta fito. Ta tsaya a gaban Umma da yarinyar a hannu. Numfashin Umaima na fita da wata ƙara siririya da ba a ji sai an kusa. Umma ta ji. Ta zari hijabi daga kan igiya, jiƙaƙƙe, ta zura, ta riga su kaiwa ƙofa.

A asibitin ba a sa su layi ba. Nas ta karanta takardar Dakta Sa'adiya ta bi da su ta bayan ginin zuwa wani ɗaki da aka killace da igiya. Likitan matashi ne, idonsa ja saboda rashin barci. Ya haska wuyan, ya ɗan taɓa gefen yanar da tsinken auduga. Ba ta motsa ba. Ɗigon jini ya fito a gefenta.

"Tun yaushe?"

"Yau da safe," in ji Umma. Sai ta gyara. "Jiya da yamma ta ce min tuwo na yi mata kaushi. Na ɗauka iyayi ne."

"Allura nawa aka yi mata?"

"Ɗaya," in ji Nusaiba, ta miƙa katin.

Ya duba ya mayar mata. "Ba zan jira sakamakon gwaji ba, kwana uku yake ɗauka. Za mu sa mata maganin dafin yanzu. Kun yi sa'a akwai saura, makon jiya babu. Za mu fara da ɗan kaɗan mu ga ko jikinta zai karɓa, akwai waɗanda ba ya karɓa."

"In bai karɓa ba fa?" in ji Umma.

"Mu fara tukuna, Hajiya."

Mutum ɗaya ake bari ya zauna da mara lafiya. Nusaiba ta matsa gaba, nas ta tare ta da hannu. "Ke ba mai jinya ba ce, ke abar gwaji ce. Zauna can." Aka goge mata maƙogwaro da hanci da tsinke, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta koma gida ta rufe kanta a ɗaki. Kafin ta tafi wata jami'a ta zaunar da ita a ƙarƙashin bishiya da fom, tana son sunan duk wanda Umaima ta yi cuɗanya da shi tun Lahadi. Nusaiba ta san fom ɗin, sun cika irinsa a aji da sunayen ƙarya. Ta lissafa 'yan ajinsu na boko, da 'yan Islamiyya, da 'ya'yan maƙwabta uku. Ta tagar ɗakin tana hango ledar ƙarin ruwa a rataye da gefen hijabin Umma. Minti talatin aka ce za a jira a ga ko jikin zai karɓa. Ta kasa tuna sunan malamin Islamiyyar da ta sani shekara goma.

Nas ta leƙo ta taga ta ɗaga babban yatsa. An sa cikakken maganin.

Abba ya iso bayan azahar da katin ofis a wuyansa. Bai yi maganar fita ba izini ba. Ya tsaya bayan igiya ya tambayi likitan, "Za ta tashi?" Likitan ya ce kwana uku na farko su ne abin dubawa, musamman numfashi.

Nusaiba ta koma gida ta rufe ɗaki. Abba na ajiye mata abinci a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya ja da baya. Ta cire zanin gadon ta jiƙa da ruwan zafi, ta zauna a kan katifar da babu shimfiɗa, waya a hannu.

Ranar Alhamis da hantsi Umma ta kira. Wuyan ya kumbura ta waje. Yanar ta kai ɗaya gefen. Umma na magana, amma Nusaiba ba ita take saurare ba. A bayan muryar akwai wata ƙara mai shiga da fita kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako.

"Umma, wannan ƙarar fa?"

"Ita ce. Sun kawo wani tire da wuƙaƙe sun ajiye a gefen gado an rufe da koren ƙyalle. Na ce na mene ne, suka ce ko da za a buƙata. Ke kin sani. Na mene ne?"

Nusaiba ta sani. In maƙogwaron ya toshe, a wuya za a huda a sa bututu.

"Kayan aiki ne kawai, Umma."

"Ke, kada ki yi min ƙarya."

Sai ta faɗa mata. Umma ta ce innalillahi, ta kashe wayar.

Ranar Juma'a babu canji. Ranar Asabar da safe Dakta Sa'adiya ta kira: gwajin Nusaiba ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar, na Umaima ma ya tabbata. Ta ce ta ci gaba da shan maganin har ƙarshe, za a sake gwada ta. Ta ƙara da cewa, "Ke kika kai ta a rana ta farko. Ki riƙe wannan ma." Nusaiba ta ce to. Da ta ajiye wayar ta ci gaba da zama inda take.

La'asar ta wuce Umma ba ta kira ba. Nusaiba ta kira sau huɗu ba a ɗauka ba. Ta sa hijabi, ta kama mariƙin ƙofa, ta tuna ko ta je igiyar ce iyakarta, kuma duk wanda ta zauna kusa da shi a hanya sai ya shiga fom ɗin wani. Ta saki ƙofar. Wayar ta yi ƙara a hannunta.

Ta ɗauka ba ta yi sallama ba, ta kasa kunne. Babu ƙarar zarton. Babu ƙarar komai. Ta zauna a ƙasa.

"Umma?"

"Likita ne ya shigo, shi ya sa ban ɗauka ba," in ji Umma. Muryarta a gajiye take. "Ta yi tari ɗazu, wani abu ya fito kamar fata. Sun ce saki ya fara yi. Sun ɗauke tiren nan. Amma ya ce kada mu yi murna da yawa, wai dafin na iya taɓa zuciya ko bayan mako biyu ko uku. Za su riƙe ta, kullum a auna. Ko gudu ba za ta yi ba sai sun ce."

"To. To, Umma."

"Ga ta, tun ɗazu take miƙo hannu."

Aka yi ƙarar shafar waya da zani. Sai wata murya ƙarama, a shaƙe, kamar daga cikin hanci.

"Yaya."

"Na'am, Auta."

"An ba ni shayi. Ba daɗi. Ba madara."

"Kin shanye?"

"Rabi. Umma ta ce ke ma an kulle ki."

"An kulle ni."

"Me kika yi?"

Nusaiba ta ji Umma daga nesa tana cewa, "Ba ta yi komai ba, kawo wayar, an ce kada ki yi surutu." Ba a kashe ba, da alama a kan gado aka ajiye ta. Nusaiba ta manna wayar a kunne tana jin numfashin yarinyar, ta kalli agogon bango ta fara ƙirgawa. Ashirin da huɗu a minti ɗaya, daidai na mai shekarunta. Ta jira tsinken ya zagayo, ta sake farawa.